Matakan Neman Teburin Mai Shayi a Hanyoyin Kabo da Gwarzo

A cikin birnin Kano yanzu akwai wuraren shan gahawa masu ƙofar gilashi da sanyin na'ura, inda ake miƙo wa mutum takarda ya zaɓi abin da zai sha. Da zarar ka fita ta Ƙofar Kabuga ka wuce Janguza, ka bar wannan a baya. Daga nan har iyakar Katsina, duk wanda ke son abu mai zafi a kofi, teburin mai shayi zai nema. A kan teburin nan gahawa take, cikin ƙananan ledojin Nescafé da aka rataye a igiya, kusa da Lipton da Milo da gwangwanayen madara da aka jera hawa-hawa. Ba shi da allo, ba shi da suna a taswirar waya, kuma mai kyau daga cikinsu sau da yawa ba ya bakin kwalta. Lokaci da tambaya da ido ne suke kai mutum wurinsa, kuma ina ganin wanda ya ratsa ƙasar Kabo da Gwarzo bai zauna a bencin mai shayi ba, titi kawai ya gani.

Mataki na farko: daidaita tafiyarka da lokacin shayi

Mai shayi ba ya yini a teburinsa. Yana hura wuta tun kafin asuba domin masu fitowa daga masallaci su tarar da ruwa ya tafasa, ya yi ciniki har hantsi, sannan ya lulluɓe kayansa ya tafi gona ko ya je ya kwanta. Ba zai dawo ba sai bayan la'asar, kuma kasuwarsa ta gaske tana ci ne daga magariba zuwa tsakar dare. Wanda ya bar Kano da ƙarfe sha ɗaya na safe ya isa Kabo da azahar, teburi a rufe zai tarar, da benci a kife a kansa, ya koma yana cewa ai garin babu mai shayi.

Saboda haka ka yi sammako. Ka yi sallar asuba a gida ka kama hanya, yadda ƙarfe bakwai zai same ka a zango na farko. Shayin safe ya fi dacewa da matafiyi domin hasken rana na gabanka, na dare kuwa na 'yan gari ne da wanda zai kwana a can.

Yanayin shekara ma yana da nasa hukunci. Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne kakar masu shayi: teburi a cike, ruwa ba ya daɗewa a buta, hanyoyin burji a bushe. Da damina, musamman a watan Agusta, hanyar da ka sani lafiya ƙalau tana iya yankewa a dare ɗaya, mutanen ƙauye kuma suna gona tun da sassafe. Da azumi babu shayin rana sam, sai bayan an sha ruwa, a kai har sahur.

Mataki na biyu: zaɓi hanyar da za ta bi da kai cikin garuruwa

Daga Kano zuwa Gwarzo kimanin kilomita 70 ne ta babban titi. Za ka bi ta Rijiyar Zaki, ka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ka wuce barikin Janguza, sai Rimin Gado, ka miƙe har Gwarzo. Daga can titin ya zarce Dayi a jihar Katsina. Wannan ita ce hanyar masu sauri, kuma masu shayin bakinta sun saba da wanda zai sha a tsaye ya wuce, ba zai sake dawowa ba.

In shayi mai daɗi kake nema, ka rabu da babban titin a Janguza ka ɗauki hanyar da ta bi ta Durun zuwa Kabo, wadda ta zarce Ƙaraye. Kabo hedikwatar ƙaramar hukuma ce, da garuruwa irin su Garo da Gude da Godiya da Gammo da Masanawa a ƙarƙashinta. A ɓangaren Gwarzo akwai Getso da Kutama da Lakwaya da Mainika da Kara. Ba sai ka zagaye su duka ba. Zango biyu ko uku sun isa yini guda, domin cikin mutum ba ya ɗaukar fiye da haka, kuma zama ake so a yi, ba leƙe ba. Mai isasshen lokaci yana iya kaiwa Ƙaraye ya ga madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, kafin ya nufi Gwarzo ya dawo gida ta babban titi.

Abu ɗaya da ya kamata ka bincika tun kana gida shi ne ranar kasuwa. Kasuwannin ƙasar nan mako-mako suke ci, kuma ta Getso sananniya ce wajen hatsi da dabbobi. Ranar da take ci, masu shayi daga ƙauyukan kewaye sukan kawo teburansu, har ka ga biyar ko shida a jere. Je tashar da ake lodin motocin Gwarzo ka tambayi kowane direba, zai lissafa maka ranakun da ka. Sai dai ka sani, shayin ranar kasuwa na gaggawa ne. In hira da natsuwa kake so, ka je garin a ranar da ba ta ci.

Mataki na uku: shirya mota da aljihu

Sha mai a Kano ka cika tanki, ka duba safaya da jak. Riƙe tsabar kuɗi, ƙananan takardu, domin duk da cewa masu shayi da yawa sun koyi karɓar taransifa tun lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, sabis yana ɗaukewa a ƙauye, kuma ba daɗi ka tsaya a kan mutum kana ɗaga waya sama saboda kuɗin kofi biyu. In kana da ƙyanƙyami ko ciwon da ya sa kake kaffa-kaffa, saka kofinka a jaka. Ba wanda zai ji haushi in ka miƙa shi da ladabi.

Mataki na huɗu: san wanda za ka tambaya

Da ɗan gari akan ci gari, amma ba kowane ɗan gari ne zai kai ka inda kake so ba. In ka tsayar da yaro ka ce ina mai shayi, na kusa zai nuna maka, ko na gidansu. Mutanen da suka fi sani su ne waɗanda abincinsu na safe ya dogara da teburin: 'yan acaɓa da ke jiran fasinja a kwana, mai faci, 'yan kamasho a tasha, malaman firamare da aka turo daga wani gari, ma'aikatan asibiti masu kwanan aiki. Waɗannan sun sha na kowa, sun san wanda hannunsa ke da albarka da wanda yake tsuga ruwa.

Yadda ka yi tambayar ma yana da tasiri. Sauka daga mota, kada ka zuge gilashi ka yi kira. Yi sallama, ku gaisa, sannan ka ce: “Don Allah ɗan'uwa, ku a ina kuke karyawa?” Wannan ta fi “ina ne mai shayi mafi kyau”, domin ta biyun tana sa mutum ya tura ka inda yake zaton ya dace da mai mota, wato teburin bakin titi mai kwalliya. Ta farkon kuwa tana kai ka bayan masallacin Juma'a, ko gindin wata darbejiya kusa da ƙofar fada, inda su da kansu suke zama. Tambayi mutum biyu da ba su tare. In suka ambaci wuri ɗaya, kada ka ƙara neman shawara.

Za ka lura ba a kwatanta teburi da lamba ko sunan titi. Da sunan mai shi ake kiransa, ko laƙabinsa, ko bishiyar da yake ƙarƙashinta. Riƙe sunan da kyau, domin shi za ka riƙa faɗa a kowace kwana har ka isa.

Mataki na biyar: karanta teburin kafin ka zauna

A nan ne ido yake aiki, kuma a nan ne mafi yawan matafiya suke gaggawa. Faka motarka can gefe inda ba za ta tare hanya ko ta tada wa masu sha ƙura ba, ka taka a hankali kana kallo.

Fara da mutanen da ke bencin. In ka ga dattawa biyu ko uku zaune da carbi, kowa da kofinsa, rediyo na gefe ana sauraron labaran safe na BBC Hausa ko wata tashar Kano, to teburin ya daɗe kuma an yarda da shi. Dattijon ƙauye ba ya komawa inda aka taɓa ba shi madarar da ta kwana. In ka ga yara suna zuwa da jug ko kofin silba mai murfi daga cikin gidaje ana zuba musu su koma, wannan shaida ce mafi ƙarfi, domin matan gida ne suka aiko, kuma su ba sa yafe ƙazanta.

Sannan dubi wuta da buta. Butar da ke kan gawayi ko gas tana huci a kai a kai ita ake so. Ruwan da aka juye a fulas tun asuba ya huce, ba zai fitar da ganyen shayi ba, ba zai narkar da gahawa yadda ya kamata ba. Dubi inda ake wanke kofuna. Mai tsafta yana da roba biyu, ɗaya ta sabulu ɗaya ta ɗauraya, kuma kafin ya zuba maka zai watsa wa kofin tafasasshen ruwa ya zubar. In ka ga roba ɗaya ce, ruwanta ya koma launin ƙasa, gaishe su ka wuce. Dubi gwangwanin madarar da aka huda: a rufe yake ko ƙudaje na kai? Dubi burodi: a cikin ledarsa yake, ko a buɗe yana shan ƙurar hunturu? Taɓa shi ba laifi ba ne in ka nemi izini. Burodin da motar gidan burodi ta sauke da safiyar nan yana lotsawa ya taso, na shekaranjiya kuwa marmashewa yake.

Akwai kuma hanci. Teburin da ake dafa ruwansa da kayan ƙamshi, citta da kanumfari da masoro, wani lokaci har da kimba ko na'a-na'a, tun daga nesa yake sanar da kansa. A ganina wannan ne babban abin da ya raba mai shayin da ya ɗauki sana'arsa da daraja da wanda ya fake da ita kafin wani abu ya samu. Lipton ɗaya ne ko'ina, madara ɗaya ce, amma ruwan kowa da irin dahuwarsa.

Mataki na shida: shiga da sallama

Teburin mai shayi majalisa ce, kuma kai baƙo ne a cikinta. Yi sallama ga kowa, ba ga mai teburi kaɗai ba. Miƙa hannu ga na kusa, ka ɗan rusuna wa dattawa: “Baba, barkanku da asuba. Mun same ku lafiya?” Kada ka zauna a ƙarshen bencin da ke kusa da mai shayin sai an nuna maka, domin galibi wurin yana da mai shi, wani da ya yi shekara da shekaru yana zama a nan. Za a matsa maka. Za a tambaye ka daga ina, zuwa ina, kuma ba bincike ba ne na mugunta. Faɗi gaskiya a taƙaice. A shekarun nan mutanen karkara suna lura da baƙuwar fuska, kuma suna da dalili.

Gardamar siyasa ba ta ƙarewa a irin wannan wuri, ƙasar Gwarzo da Kabo kuwa ta fitar da manyan 'yan siyasa, kowa da mutanensa a bencin. Saurara, kada ka ɗauki ɓangare. Kada ka ɗaga waya ka hau ɗaukar hoto sai ka nemi yardar mai teburi da ta waɗanda za su fito a ciki.

In da mata a tafiyar, a yawancin garuruwan nan mace ba ta zama a bencin mai shayi. Abin da aka saba shi ne a haɗa musu a kai mota, ko a shimfiɗa musu tabarma a inuwa can gefe. Faɗa wa mai shayin kana tare da iyali, shi da kansa zai san yadda zai yi, kuma sau da yawa kofunan da ya fi ji da su zai ɗauko.

Mataki na bakwai: faɗi abin da kake so dalla-dalla

Mai shayi yana haɗawa ne gwargwadon abin da ka ce da abin da aljihunka zai ɗauka. In ka ce “a ba ni shayi” ka yi shiru, zai zuba maka sukari yadda 'yan gari suke so, wanda ya yi wa mutane da yawa yawa, balle mai ciwon suga. Ka ce cokali ɗaya, ko ka ce kada a sa. In baƙi kake so babu madara, ruwan bunu ke nan, kana iya neman a matsa maka lemon tsami. In mai kauri kake so, faɗi irin madarar, ta ruwa ko ta gari, Peak ko Three Crowns ko Cowbell, da Milo ko Bournvita. Tambayi kuɗin kafin a fasa gwangwani. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kayan shayi suke hawa, kuma farashin da ka sani bara ba shi ne na bana ba.

Daga nan sai ka zuba ido, domin wannan ne abin kallon. Zai ɗauko babban kofi ya zuba madara da sukari, ya ɗora 'yar rariya a baki, ya tsiyayo ruwan ganye daga buta. Sai ya ɗauki kofi na biyu a hannun hagu ya fara sheƙawa. Hannun dama ya yi sama har ya wuce kafaɗarsa, shayin ya zubo siriri ya faɗa cikin na ƙasa ba tare da ɗigo ya taɓa teburi ba, ya juya ya mayar, sau huɗu ko biyar, yana yi yana amsa gaisuwar wani da ke wucewa a kan keke. Sheƙawar tana narkar da sukari, tana rage zafin yadda za ka iya kurɓa nan take, tana kuma tada kumfa a sama. In ya dire maka kofin, kumfar tana nan tana motsi.

Wainar ƙwai ma a gabanka za a yi ta. Zai fasa ƙwan a kofi, ya yanka albasa da attaruhu a tafin hannunsa kai tsaye cikin kofin, ya marmasa dunƙulen Maggi, ya kaɗa da cokali mai yatsu, ya juye a kaskon da mai ya yi zafi. In ka ce a haɗa da burodi, zai tsaga shi ya cusa wainar, ya mayar kan kasko ya danne da bayan faranti har ya yi ƙyalli. Matasa sun fi son Indomie, amma ni a tafiya na fi ba da shawarar burodi da ƙwai, ko ka aiki yaro ya sayo maka ƙosai mai zafi wurin matar da ke tuya a kusa, domin da wuya ka ga teburin shayin safe babu mai ƙosai a tsallakensa.

Mataki na takwas: in gahawa ce ta fito da kai

Kada ka sa ran samun 'ya'yan gahawa da aka soya aka niƙa a gabanka, irin yadda ake yi a Habasha ko Sudan. Ana noman gahawa a Najeriya, a tsaunin Mambila na jihar Taraba, inda kuma ake noman ganyen shayin Highland a Kakara, amma ba ita ce take isowa teburan yammacin Kano ba. Abin da za ka samu garin Nescafé ne mai narkewa, wanda kamfanin Nestlé ya fara fitarwa a 1938, ko dai zallarsa ko kuma haɗin leda da ya zo da madara da sukari a ciki.

Ana iya gyara shi ya yi daɗi ƙwarai in ka san abin da za ka roƙa. Ka ce a ba ka zallan, ba haɗin leda ba. Ka ce a dama shi da ruwan kayan ƙamshin nan, wanda ba a sa wa ganyen shayi ba tukuna, in yana da shi a buta daban. Citta da kanumfari suna danne ɗacin garin, kuma ɗanɗanon yana kusantar gahawar da ake sha da dabino a gidajen Larabawa. Rabin kofi ya isa, da madarar ruwa kaɗan, a sheƙa shi kamar shayi. Wasu masu teburin za su yi mamaki, domin a wurinsu Nescafé na direbobin dare ne da ɗalibai masu jarrabawa, amma za su yi maka, wani ma ya ɗanɗana.

Gargaɗi ɗaya: a wasu tashoshin mota akwai masu jefa ƙwayoyi irin su tramadol a gahawa don kore barci. Mai shayin gari da dattawa ke zama wurinsa ba ya wannan, amma ko'ina kake, a haɗa naka a gaban idonka, kuma kada ka karɓi wani haɗi da ba ka san abin da ke ciki ba. Gahawa kanta ba ta maye gurbin barci. In idonka ya yi nauyi a kan sitiyari, nemi inuwa ka kwanta.

Mataki na tara: kada ka wuce ƙaramar buta

Wani lokaci ba teburi za ka gani ba, sai 'yar ƙaramar buta a kan kaskon gawayi na waya, a ƙofar shago ko wurin masu gadi, da ƙananan kofunan gilashi a faranti. Shayin Buzaye ke nan, koren ganye daga Sin da ake dafawa sau uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Galibi ba na sayarwa ba ne. In aka ce maka bismilla, zauna in kana da lokaci, domin ba a shansa da sauri, kuma kada ka ciro kuɗi. In kana son sakawa, sayo sukari ko ganye a shagon kusa ka ajiye musu.

Mataki na goma: biya, tambayi hanya, ka juyo da wuri

Biya ba tare da ciniki ba, ribar mai shayi ba ta kai a yi ja-in-ja a kanta ba. In Allah ya hore maka, ka ce a haɗa da na dattijon da ya matsa maka wuri, a hankali yadda ba za ka kunyata shi ba. Kada ka yi mamaki in ka tashi biya aka ce wani ya riga ka. Yi godiya kawai.

Kafin ka tashi, yi tambaya biyu. Ta farko, wane mai shayi za ka nema a gari na gaba, domin sun san junansu, wasu ma a hannun mutum ɗaya suka koyi sana'ar. Ta biyu, yaya hanya take yau: ina ruwa ya ci, ina ake aiki, ina ba a bi. Ƙauyukan da ke kan iyaka da Katsina sun sha fama da 'yan bindiga masu tsallakowa a 'yan shekarun nan, kuma labarin abin da ya faru daren jiya yana isa bencin mai shayi kafin ya isa rediyo. In suka ce kada ka bi wata hanya, kada ka bi, ko da taswirar wayarka ta nuna ita ce mafi kusa. Rubuta sunan mai teburin da garinsa da alamar wurin a takarda ko a waya saboda wata tafiyar, ka lissafa lokacinka yadda la'asar za ta same ka a kan babban titin Gwarzo, ka shiga Kabuga kafin a kira magariba.